Taka, Danne, Saki

Wani ne yake da 'yar ƙaramar mota, irin wadda in ka yi atishawa a ciki sai ƙofa ta buɗe. Wata safiya ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka katifa. Ya sauko ya leƙa bayan taya, sai ga tiyon birki ya tsattsage, mai yana ɗiga.

Ya ce, "Wayyo, ciwo ta ji!"

Ya ruga ɗaki ya ɗauko auduga da filasta, ya naɗe tiyon tsaf.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka kai ta gareji mana."

Ya ce, "Zan kai ta. Miƙo mini man zafi tukuna."

To hanyar garejin gangare ce. Ya taka birki, mota ta ƙara wuta. Ya zuro kai ta taga yana ihu, "A kauce! Marar lafiya ce!" Mai keke ya faɗa kwata, mai wanki ya haye katanga da bokitinsa. Ya wuce bakanike yana ɗaga masa hannu, sai tulin tsofaffin tayoyi ne ya tare shi.

Bakanike ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya ga filasta. Ya ce, "Wane likitan ne ya duba ta?"

Ya ce, "Ni ne. Ta samu sauƙi?"

"Ta kusa rasuwa, kai ma tare da ita."

Ya lanƙwasa tiyon ya nuna masa yadda ya kumbura ya dare. Ya duba na ɗaya gefen, shi ma haka. Ya kwance su, ya ɗaura sababbi, ya cika man birki. Sannan ya ce, "Saura mu fitar da iska. Shiga ka zauna. Ka ga fedar birkin nan? In na ce taka, ka taka ta. In na ce danne, ka danne ta. In na ce saki, ka sake ta. Kuma ka riƙa amsa mini da ƙarfi, don ina ƙasa."

Bakanike ya shige ƙarƙashin mota ke nan, sai wayar mai motar ta yi ƙara. Surukinsa ne, uban matarsa. Mutumin ya cire hula, ya maƙale waya a kunne.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya wajen ɗiyar tawa?"

Daga ƙasa bakanike ya ce, "Taka!"

Mutumin ya kwatsa, "Na taka ta!"

Tsoho ya ce, "Ka taka ta? Me ta yi maka?"

"Danne!"

"Na danne ta!"

"Innalillahi! Kai, ɗaga mini yarinya!"

"Baba, ai in na ɗaga aiki ya ɓaci."

"Saki!"

"Na sake ta!"

Tsoho ya yi salati har sai da bakanike ya jiyo daga ƙasa. Sannan ya ce, "Yanzu ɗan nan, saki nawa ka yi mata?"

Mutumin ya ce, "Wallahi Baba ban ƙirga ba. An ce in yi ta yi har sai iskar da ke jikinta ta fita kaf!"