Murfin Yajin Yaya Sahadatou

Jama'a, ku zauna in yi muku bayani daki-daki, don aikina ke nan. Yayata Sahadatou tana daka yaji a Rillieux-la-Pape kusa da Lyon, tana aikawa kantunan unguwar Belleville ta Paris cikin kwalabe masu jan murfi. Masu sayenta ba sa duba rubutu, sai dai su ce "ba ni mai jan kai". Kwatsam wani ɗan kasuwa ya fito da nasa yajin, shi ma da jan murfi, ciniki ya fara zamewa.

"Kai ne mushen lakwal, malamin makaranta guda," in ji ta. "Je Paris ka sa a rubuta jan nan nawa ne."

Na goge takalmi, na kwance murfi uku daga kwalabenta don shaida, na hau jirgin ƙasa daga Lyon.

A ofishin rajistar alamun kaya, ma'aikacin wurin, Ranka-ya-daɗe Sarkin Hatimi, ya bar ni a benci har ya gama shan kafe, Allah ya ƙara masa natsuwa. Na yi masa darasi tiryan-tiryan, kamar a aji.

"Wane ja?" ya ce.

"Ja dai, Mushe."

Ya jera murafen a tebur. Wallahi ɗaya kamar tumatir, ɗaya kamar zoɓo, na ukun ya kusa zama ruwan goro. Ashe Yaya duk murfin da ta samu take saye. Ni kuwa da nake gyara jarrabawa da jan biro kullum, ban taɓa lura ba.

Ya ce ja tsura ba a mallaka wa kowa, sai in an tsayar da kala ɗaya tak, ita ma sai an duba. Na ce to masu kai yajin zuwa ƙasar Beljik fa? Ya ce can wata doka ce, wani benci ne. Kun ji hikimar manya: ja ma sai ya nuna fasfo a iyaka. Ya riƙe murfi ɗaya "don dosiye", wato fayil ɗinmu.

Da na dawo, Yaya ta saurare ni har ƙarshe.

"To Malam, ina murfina? Kwalbata na can buɗe, yaji na shan iska."

Ɗiyata Hassia ta tambayi abin da ya faru, na maimaita mata a hankali, sannan na ce ta faɗi abin da ta gane.

"Baba ya tafi Paris da murfi uku, ya dawo da biyu."

Na ba ta goma bisa goma.