Rasuwar 'Yar Baƙa, Ordinatar Malam Hambali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya da ya ƙi runtsawa, Malam Hambali mai haɗa bidiyon biki a bayan tashar Magariya yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ordinatarsa, wato kwamfutarsa ta tebur, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, tana da shekara shida a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a hannun wani kafin ta tsallako iyaka.

Marigayiya mai ladabi ce. In aka tashe ta da safe sai ta amsa da "ɗit" sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Ta ga auren 'yan mata sama da ɗari biyu daga Waca har Dogo-Dogo, ba ta taɓa kai amaryar wani gidan wani ba. Aibinta ɗaya, nawa. Abin da injin Dada, abokin gasarsa na tsallaken titi, ke gamawa cikin awa guda, ita sai ta kai shi yamma.

Wannan nawar ce mafarin jinya. Hajiya Ƙande ta kawo aikin bikin 'yarta, ta ce in Juma'a ta yi babu bidiyo, ita da danginta duka sun koma wajen Dada. Sai aka kira Auwal, ƙanin Hinda matar mai makoki, wanda ya koyo gyara a Kano. Ya ce ana iya sa ƙwaƙwalwar injin gudu fiye da yadda maƙeranta suka tsara, amma gudu sai da ƙarin wuta, wuta kuma zafi take haifarwa. Ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kowane taki sai ya ba ta aiki mai nauyi ya zauna yana kallon ma'aunin zafi. Da ƙarfin wutar ya kai bolt ɗaya da ɗigo talatin da biyar, ya ɗauki alli ya rubuta lambar a bango.

"Yaya, nan ne iyaka," in ji shi. "A bazarar nan ko ƙwayar gero kada a ƙara mata."

To, Hambali a kasuwa ya girma. Ya san duk wanda ya ce "nan ne iyaka" yana da sauran magana biyu a aljihu, kuma bai taɓa karɓar mudu babu tozo ba. Ga shi Auwal ɗin nan shi ya saita injin Dada, an ma gan shi sau biyu yana shan shayi a can. In lamba ɗaya ya ba su, me ya sa na Dada ya fi gudu? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ya faru bayan Auwal ya tafi tasha, har yanzu iyalan mamaciya suna bincike. An dai san wani hannu ya kai lambar ɗaya da arba'in da biyar, 'Yar Baƙa ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa. Wanda kuwa ya ga mai kaya ya sassauto sau ɗaya ba ya tsayawa nan. Hannun ya sake komawa, ya kai ɗaya da sittin. Fankarta ta kama "wuuuu" babu numfashi, fuskarta ta yi shuɗi, warin ƙonewa ya cika shago. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙyas". Hambali ya yi kuka, ba ya kuma jin kunyar faɗa.

Ana zargin Auwal, don da ya faɗi lambar gaskiya tun farko da ba a je nemanta ba. Ana zargin Dada, wanda ya zo gaisuwa tun kafin a yi sanarwa. Ya ce wari ne ya kirawo shi, an ji, an ajiye. Ana zargin bazara. Hinda kuma, da ta ji an ambaci ƙaninta, ta dire kwanon fura ta ce, "Malam, mabuɗin shago ai a aljihunka ya wuni." Ba a ɗauki wannan a matsayin shaida ba, don mace ba ta ganin laifin ɗan ɗakinsu. Tun ranar miyar gidan babu gishiri.

Ta rasu ta bar allo ɗaya, da madannai mai haƙora uku a karye, da linzami, da marayan faifai wanda bikin 'yar Hajiya Ƙande ke cikinsa rabi a haɗe.

Za a yi mata wanka ranar Alhamis da hantsi. Auwal ne zai yi, don duk Magariya babu wanda ya iya sai shi, kuma ya ce lambar ƙarshe da aka ba injin tana nan a ajiye muddin ƙaramin batirinta mai kama da tsabar kuɗi ta dala yana wurinsa. Za a karɓi gaisuwa a shagon Dada, inda Hambali da ƙafarsa ya kai marayan faifan jiya, ya kuma ce "don Allah" a gaban mutane. Ana roƙon masu zuwa kada su tsaya karanta rubutun allin bango, an goge. Batirin nan kuwa, ba a same shi jikin gawa ba. Duk wanda ya ga wani abu mai kama da shi ya faɗo daga aljihun mai makoki wajen alwala, ya tuna ranar jana'iza ba ranar tone-tone ba ce.