Rasuwar Mai Ƙaho Biyu, Rautar Reshen Katabu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda takaici ya fi yawa a cikinsa, ni Sagir, shugaban reshen Katabu na kamfaninmu na abincin kaji, nake sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar rautarmu, ƙaramar farar na'urar nan da ke kawo mana intanet, wadda muke kira Mai Ƙaho Biyu. Ta cika ranar Laraba da la'asar, a kan rufin shago, cikin bokitin fenti, bayan doguwar jinyar ciwon da ba nata ba.

Marigayiyar ba ta da hayaniya. Duk zamanmu da ita, abin da na taɓa ji daga bakinta shi ne wani siririn "zzzzz" idan an kawo wuta, sai 'yan korayen idanunta da ke ƙiftawa cikin ladabi. Ba ta taɓa neman hutu ba. Ƙurar dusa ta sha, zafin kwano ta sha, ɓera ya ɗanɗana wayarta, duk ba ta kai ƙara ba. Aikinta ɗaya ne: idan mai kiwo ya zo sayen buhu, ta ɗauki saƙonmu ta kai wa babbar kwamfutar da ke hedkwata, kusa da Babbar Kasuwa, ta dawo da rasit. Dokar kamfani ce, buhu ba ya fita sai manhaja ta ba da rasit.

A bara ne manhajar ta fara nawa. Harira, mai karɓar ciniki, za ta danna, sai wani ɗan zobe ya hau juyawa a fuskar kwamfuta, ya yi ta juyawa har mai Keke Napep ya kashe injinsa ya nemi inuwa. Masu kiwo su tsaya suna mana kallon ɓarayin zaune, kajinsu na can da yunwa. Muka kira hedkwata, aka ce rautarmu ce.

Daga nan jinya ta fara, kuma duk ta waya aka rubuta maganin. Aka ce a kashe ta a kunna. Muka kashe muka kunna har maɓallin ya lotsa. Aka ce a miƙar da ƙahoninta, aka ce a kwantar da ɗaya. Aka ce a rataye ta a taga, sannan a ƙusa kusa da silin. Wani direban kamfani ya zo sauke kaya, ya zabga mata mari, wai haka ya gyara rediyon motarsa. Zoben nan bai fasa juyawa ba. Daga ƙarshe umarni ya zo cewa a hau da ita rufi don ta sha iska, a kifa mata bokiti saboda ruwa. Iskar hadarin Laraba ta birkice bokitin, ruwa ya cika shi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas!", sai warin roba.

Washegari na ɗauki gawar a leda na tafi hedkwata kai rahoto, kuma a can na ga ciwon da idona. Ina zaune a ofishin mai kamfani, Alhaji Lawan, baƙo ya shigo, aka ba shi ruwa, aka karanta masa lambar sirrin intanet ɗin ofis. Wani ya shigo, ruwa da lamba. Ashe a gidan nan haka ake karɓar baƙo, kuma wanda ya sha sau ɗaya ya sha ke nan har abada, don ba a taɓa canza lambar ba. Na fito baranda na duba layin. Tela na kallon wa'azi, masu lodi sun haɗa kai a kan ƙwallo, mai shago na hira da ɗansa na Saudiyya fuska da fuska, wani ma ya jingina da bangonmu yana sauke fim. Ta wannan ƙofa ɗaya ta intanet ɗin hedkwata da suka cunkushe rasit ɗin Katabu yake neman hanyar fita. An bar jaki, shekara guda ana dukan taiki.

Na koma ciki na faɗa wa Alhaji, cikin ladabin da ya kamata. Ya yi murmushi ya nuna mini cewa intanet kamar iska ce, shaƙar wani ba ta rage ta wani, kuma laifin babba rowa, shi ba za a fara jin ta a kansa ba a layin da ya yi shekaru ana gaishe shi. Ya sa aka ba ni sabuwar rauta a kwali. Ya ƙara da cewa idan an canza na'ura abu bai gyaru ba, to sai a duba hannun da ke riƙe da ita. Zulaiha, wadda ta riƙe reshen Kurmin Mashi, ta binne rauta biyu kafin a duba nata hannun. Yanzu tana gida tana sayar da zoɓo.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai ƙonannen baki, da firinta mai ciwon haƙarƙari, da kwamfutoci biyu, da Harira, wadda ta koyi saƙa a zaman jiran rasit. Ta kuma bar magajiya, baƙa mai ƙaho huɗu, wadda muka ɗaura jiya da yamma. Ina mai shaida wa jama'a cewa zoben yana nan yana juyawa yadda ya saba, bai ƙara sauri ko na ƙiftawar ido ba. Wannan ya wanke marigayiyar tas, sai dai wankin ya zo bayan rai ya yi halinsa, kuma ni ne na gaba a layi. Alhaji zai zo duba reshe ranar Litinin.

Ba za a yi mata salla ba, tunda ba mutum ba ce, ko da yake ta fi wasu mutane riƙon amana. Za a naɗe ta a kwalinta na asali gobe Asabar da hantsi, a ajiye ta a ƙasan kantar sito, bayan buhunan dusa. Na sa Harira ta bar ɗan fili a gefenta, daidai faɗin katin shaidar aikina. Masu bola-jari su yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce.

Za a karɓi gaisuwa a shagonmu na bakin titin Zariya har zuwa Litinin, in an bar ni na kai. Duk wanda ya zo za a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa mai sanyi. Ruwa kawai.