Jif a Bakin Lungunmu

Ni na cika baki cewa na san mota, shi ya sa Kawu ya ja ni sayen tsohuwar jif. Na shige ƙarƙashinta, na shinshina baƙin mai, na kushe ta har dillali ya rage kuɗi yana gumi.

Kawu ya ce, "Za ta shiga lungunmu kuwa?"

Na ce, "Haba Kawu! Motar da za ta hau Dala?"

Ta shiga kam, amma rabi. Katangu suka matse ta, ƙofofi suka ƙi buɗuwa. Ta ƙofar but ta bayan motar Kawu ya rarrafo da babbar riga, maƙwabta na yi masa barka da sauka.

Har yau in na doshi lungun sai a ce, "Injiniya, ka auna kuwa?"