Ranar da Keken Babana Ya Gudu Ya Bar Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka ɗaura auren 'yar Alhaji Sule a unguwar Kokoro, kuma ko na so in manta, mutanen yankinmu na Kilomita Biyar ba za su bar ni ba.

A shekarun rikicin da aka yi a garinmu, babur ya zame wa mai shi kaya. Fetur ya yi wuya, sannan in ka bi ta shingen masu bindiga wani ya ce "ara mini", to kai da babur sai a lahira. Ni kuwa ga tumbi, ga ciwon gwiwa, ga shagon atamfa yana jirana kullum. Sai na tuna da keken marigayi babana, baƙi wuluk, irin na da mai ƙararrawa da birkin ƙarfe, wanda ko ɓarawo ya gani sai dai ya yi masa addu'a ya wuce.

Wani abokina direban babbar mota ya kawo mini ɗan ƙaramin injin lantarki daga Duwala. Isa mai gyaran janareta ya haɗa shi a tsakiyar tayar baya, ya ɓoye batir cikin tsohuwar jakar fata da ke ƙarƙashin sirdi, ya liƙa ɗan maɓalli kusa da ƙararrawa. In ka danna, keke ya ɗauka. Ba ya tsayawa sai ka sake dannawa. Ko ƙara ba ya yi.

Da farko don tsoron ƙwace na yi shiru. Amma sai mutane suka fara ganin ƙato irina yana wuce samari a titin Koudoukou ko gumi babu (ina dai juya feda don rufa wa kaina asiri). Duk wanda ya tambaye ni sirrin, sai in gyara murya in ce zuma ce da habbatus sauda, kullum da safe.

"Baban Amina, ka ji tsoron Allah," in ji matata. "Kai da bokitin wanka ma sai an kai maka?"

Na ce mata harkar maza ce.

Ranar ɗaurin auren na ci babbar riga, na iso a guje don kowa ya gani. Na sauka, ina riƙe da keke da hannu ɗaya, na rusuna na ce, "Alhaji, Allah ya sanya alheri." Sai Malam Garba, wani dattijo mai dogara sanda, ya matso.

"Ɗana, zumar nan taka ina ta sha, amma har yanzu gwiwa ba ta amsa ba. Ko akwai abin da ake haɗawa?"

Maimakon in yi shiru, sai na ɗaga hannu zan nuna masa ƙwanji. Hannun rigata ya maƙale a ƙararrawa, ya danne maɓallin.

Keke ya zabura. Na bi shi ina ja yana ja, har na ci da baka, rigar ta zame ta kaina ta bi shi. Jama'a suka ga keke ba kowa a kai, sanye da babbar riga, yana ratsa tabarmi yana watsa goro da dabino. Ya je ya daki benci ya faɗi, taya na ta juyawa, jakar ta buɗe, wayoyi ja da baƙi suka zubo, ga wata 'yar fitila tana ƙiftawa.

Ku tuna lokacin da muke ciki. Wani ya ƙwala ihu da yaren Sango, "Nzapa! Ala kpe!" wato "Ya Allah! A gudu!", wani ya ce, "Bam ne!" Kafin in ɗago kai fili ya watse. Ango ya faɗa kwata da farar shaddarsa. Malam Garba ya bar sandarsa, kuma wallahi shi ne a gaba.

Na miƙe daga ni sai singileti da wando, tumbi a waje. Na san in ban yi magana ba, masu bindiga za su iso, su kuwa ba sa jiran bayani. Na ɗaga hannuwa sama na yi ta ihu: "Ba bam ba ne! Batir ne! Inji na sa masa! Ni ba ni da wani ƙarfi!"

Can sai Alhaji Sule ya leƙo daga bayan duron ruwa, hularsa a karkace.

"To, Malam, zumar fa?"

"Ita ma tana da amfani, Alhaji," na ce a hankali.

Dariyar da aka yi sai da ta fito da mata daga cikin gida, har da matata, wadda ta ɗauko rigata ta kakkaɓe ta miƙo mini a gaban kowa. Aka wanke ango, aka ɗaura aure. Sunana kuwa ya koma Malam Batir.

Abin da na koya shi ne, in har mutum zai hau ƙarya, to ya cire mata waya kafin ya tsaya gaisawa da dattawa.