Gishirin Gonar Surukina

Ƙarshen damina ne, na raka surukina gonarsa da ke hanyar Adogi. Mazari na ta shawagi a kan shinkafa, ni kuwa idona ya sauka kan wata jiƙaƙƙiyar ƙasa da malam-buɗe-littafi suka yi wa dafifi, farare da rawaya.

"Baba, kun yi arziki," na ce. "Waɗannan gishiri suke bi. Kakata 'yar Awe ce, garin gishiri, abin a jinina yake."

Na durƙusa a gaban surukina da masu aikin gonar, na dangwali ƙasar na ɗanɗana. Na lumshe ido, na ƙara. "Kai! Na Awe ma bai kai wannan ba." Har na fara nuna inda za a girka tukwanen dafawa.

Sai ga bijimin gonar ya taho a natse, ya tsaya daidai wurin da na ɗanɗana, inda ya saba, ya saki fitsari kamar famfo.

Surukina ya gyara hula. "To, ɗana, ga mai kamfanin ya iso. Ku daidaita."

Har yau in miya ta yi lami a gidan, surukata kan aiko a tambaye ni: na kasuwa za a ƙara, ko a kwanto bijimi?