Ranar da Na Ƙona Na'urar Neman Alƙibla

Shekarar da soja suka koma bariki, ni ne mai gyaran rediyon da ake ji da shi a layinmu na Agege. Za mu sa harsashin masallaci, sai maƙwabcinmu Iliya, ɗan Kafanchan mai aikin jirgin ruwa, ya aro mana na'urar ogansa mai magana da tauraron ɗan'adam, don a daidaita alƙibla. Batirinta ya mutu, amma tana da igiyar jan wuta daga rediyonsu na sauraron jirage, sai ya haɗo mana har da rediyon.

"Baba, bari in kira wanda ya saba da ita," in ji Iliya.

Na ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake shaƙar hayaƙin dalma."

Na jona, ta kawo haske, amma ta ƙi kama komai. Ashe rufin kwanon shagona ne ya tare mata sama. Ni kuwa a sanina, duk abin da ya ƙi kama tasha, wuta ce ta yi masa kaɗan. Na farke rediyon, na jona ta inda wutar ta fi ƙarfi.

Sai ji muka yi fus! Hayaƙi ya tashi. Liman ya ɗauki salati. Iliya ya ɗora hannu a ka.

"Baba, aikina! Me zan gaya wa oga?"

Sai da dattawan unguwa suka cika motar danfo zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa ba ogan haƙuri kafin aka bar Iliya a bakin aikinsa.

Har yau, da na sa ƙafa a masallacin, ladan zai rungume lasifika ya ce, "Jama'a, a kashe wuta, Injiniya ya iso."